Takardar wakilin lafiya a New York: ana iya shaida ta bidiyo, amma kar ka jefar da bironka

Tun bayan bidiyon da muka yi kan manhajojin sa hannu irin su DocuSign da Adobe, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: ko za a iya cike takardar wakilin lafiya gaba ɗaya a waya, a sa hannu da yatsa, a tura, shi ke nan? A jihar New York, inda 'yan uwanmu suke da yawa musamman a Bronx, amsar rabi da rabi ce. Shaidu za su iya kallonka ta bidiyo. Sa hannun kuma, ni shawarata a yi shi da biro a kan takarda.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce takardar da a nan ake kira health care proxy. Kana naɗa mutum ɗaya da ka amince da shi, ya yanke shawarar jinyarka idan ka kai matsayin da ba ka iya magana da kanka, misali kana cikin suma bayan haɗarin mota. Muddin kana cikin hayyacinka, maganarka ce ke aiki, ba tasa ba. Na san mu matasa ba ma son wannan zance, Allah ya kiyaye. To amma ka duba halin da muke ciki. Idan babu takardar, dokar jihar ta 2010 ta jera waɗanda asibiti zai nema: mata ko miji, ɗa ko 'ya baligai, iyaye, 'yan uwa na jini, sai can ƙarshe aboki na kusa. Kai kuwa iyayenka suna Kumasi ko Damagaram, ƙarfe uku na dare ne a can, layi ba ya shiga, likita kuma ba ya jin Hausa. Abokin zamanka da ya san komai naka yana tsaye a bakin ƙofa, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Cike ta ba wuya. Fom ɗin kyauta ne a shafin ma'aikatar lafiya ta jihar, ba ka bukatar lauya, ba ka bukatar mai buga hatimi. Shaidu biyu kawai, masu shekara 18 zuwa sama, kuma wanda ka naɗa wakili ba zai zama shaida ba. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Da can dole shaidun su kasance wuri ɗaya da kai. Lokacin korona, a watan Afrilun 2020, gwamna Andrew Cuomo ya ba da umarnin wucin gadi da ya halatta shaida ta bidiyo. Umarnin ya ƙare a Yunin 2021, aka koma gidan jiya. Sai a Nuwamban 2023 gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a gyaran doka da ya mai da abin na dindindin a kan wannan takarda.

Sharuɗɗan su ne inda na'urarka ke shigowa. Kiran ya zama kai tsaye, kana ganinsu suna ganinka, kuna magana. Ɗaukar bidiyo ka tura musu daga baya bai yi ba. Idan shaida bai san ka ba, za ka nuna masa katin shaida mai hoto a cikin kiran. Ka sa hannu suna kallo. Sannan a tura musu kwafin cikin awa 24, su sa nasu hannun su dawo maka da shi.

Duk manhajar kiran bidiyo da ka saba da ita za ta yi, Zoom ko FaceTime ko WhatsApp. Abin da ke ɓata aiki shi ne saiti. Kar ka riƙe waya a hannu guda kana rubutu da ɗayan. Jingina ta ko ka ɗora ta a kan ƙafarta, yadda fuskarka da takardar za su fito tare. Haske ya zo daga gabanka, kar taga ta kasance a bayanka. Wajen nuna kati, juya zuwa kyamarar baya, ta fi ta gaba iya kama ƙananan rubutu. In kana amfani da hoton bangon ƙarya ko mai dusashe baya, kashe shi, don yakan haɗiye katin da takardar duka. Wajen turawa kuma kar ka ɗauki hoto kawai ka jefa a WhatsApp, yana matse hoto rubutu ya lalace. Yi sikanin da Notes na iPhone ko Google Drive, ya fita PDF, ka tura ta imel. Imel ɗin zai ajiye maka kwanan wata da lokaci, hujjar cewa ba ka wuce awa 24 ba ke nan.

To me ya hana sa hannu da yatsa? Dokar tarayyar Amurka ta 2000 ta amince da sa hannun na'ura a harkokin ciniki, shi ya sa kake karɓar hayar ɗaki da DocuSign ba matsala. Amma ita New York tana da tata dokar sa hannun na'ura, kuma sashe na 307 ya ware wasu takardu daga cikinta: wasiyya da takardar wakilcin dukiya. Manhajar ba za ta gaya maka haka ba. Za ta karɓi kowace takarda ka ɗora, ta ba ka alamar kore mai kyau. Ranar da za a bukaci takardar kuwa ba ka da bakin gyara kuskure. Buga shafi biyu a laburaren unguwa bai kai kuɗin shayi ba.

Wannan na New York ne fa. Kowace jiha da tata doka. A 2022 an tsara wani samfurin doka da ke halatta sa hannun na'ura a irin waɗannan takardu, wasu jihohi sun ɗauka. 'Yan Ingila kuma tsarinku daban ne, akwai rajista da ofishin gwamnati kafin takardar ta fara aiki.

Abu ɗaya da babu manhajar da za ta yi maka: zama da wakilin ku yi magana. A New York, in bai san ra'ayinka kan ciyarwa da shayarwa ta bututu ba, ba shi da ikon yanke hukunci a kai. Akwai gurbi a fom ɗin, rubuta. In kana son a tuntuɓi malami kafin a cire na'urar numfashi, rubuta shi ma. Ka ba wakilin kwafi, ka ba likitanka, ka kuma ajiye PDF ɗin inda wani zai iya kaiwa ba sai an buɗe wayarka da fuskarka ba.

A bidiyo mai zuwa zan gwada manhajojin sikanin guda uku a ɗaki mai ƙarancin haske, mu ga wacce rubutunta ya fi fita.