Haƙori Ɗaya Tak: Abin Da Babur Ya Koya Mini

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Malkohi, wani ƙauye a bayan garin Yola, kullum daga Jimeta nake tasowa a kan ɗan babur ɗina mai giya huɗu. A kan kwalta ba shi da laifi. Amma da na shiga rairayi, ga abokina a baya, ga littattafai, sai ya kama nishi, har wani lokaci mu sauka mu tura. Sau biyu ina isa an riga an buga ƙararrawa. Malamin da ke tsawata wa yara kan latti kuwa, ai bai kamata ya zo bayansu ba.

Na kai kuka wurin wani dattijon bakanike. Ya ce, “Malam, ƙirga mini haƙoran faifan nan biyu da sarƙa ke hawa.” Na ƙirga: ƙaramin na jikin inji 14, babban na tayar baya 42. To, ga lissafi irin na aji. In ka raba 42 da 14 ka sami 3. Watau sai ƙaramin faifai ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sa mai haƙori 13, amsa ta zama 3.2 da 'yan kai; ƙarfin ja ya ƙaru da wajen kashi 8 cikin ɗari, amma inda dā ake gudun kilomita 60, yanzu sai wajen 56, mai kuma ya ƙara tafiya. In aka sa mai 15, amsa 2.8 ke nan. Gudu ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Ba a samun biyun gaba ɗaya. Ku lura kuma, haƙori ɗaya na gaba ya yi kusan uku na baya.

Na zaɓi mai 13. Don rowa na sayo na ɗaura da kaina, na bar tsohuwar sarƙa yadda take. Rairayi kam na ci shi, amma sai sabuwar wahala ta ɓullo. In na taka giya sai in ji ƙarar ƙarfe, babur ya zabura. In na tsaya kuwa, firi ya ƙi samuwa. Hankalina ya tashi, na ɗauka inji ya lalace, ga aljihun ɗalibi kun san halinsa.

Na koma na ce, “Baba, a buɗe inji.” Ya yi dariya, ya ce ba a fara neman ɓarawo a cikin ɗaka alhali ƙofar gida tana buɗe. Ga abubuwan da ya duba bi da bi.

Na farko sarƙa. Da faifai ya ƙanƙance sai ta saki. Kamata ya yi in ka ɗaga tsakiyarta da yatsa ta motsa santimita 2 zuwa 3 kaɗai. Tsohuwar sarƙa kuma cinye sabon faifai take yi, saboda haka gara a canza su tare.

Na biyu wayar kulochi. In ta saki da yawa, kulochi ba ya rabuwa sosai, giya ta yi tauri, firi ya ɓuya. In an ɗaure ta tamau, inji ya yi ta kuka ba gudu. A bar wa hannun kulochi ɗan wasa kaɗan.

Na uku baƙin mai. A irin baburan nan mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kulochi. Da zafin Yola na watan Maris da Afrilu, ga ƙura, in bai sami juye a kan kari ba, lalle giya ta nuna.

Sai in duk waɗannan sun daidaita, amma giya tana fita da kanta ana cikin tafiya, sa'an nan ake zargin ƙarafan ciki sun cinye ko sun lanƙwashe, a buɗe inji. Nawa bai kai nan ba. Sabuwar sarƙa da juyen mai suka raba gardama.

Mako na gaba da haƙoran nan na koya wa 'yan aji shida rabawa. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba shi ya fara ba da amsa, don ubansa yana da babur. 'Yan'uwa masu shirin fita gwaji, ku ƙirga haƙoran naku kafin ku kama hanya. Allah ya kai mu lafiya.