2.3 Jirgin Ruwan Kanta na Kabi

Idan ana maganar yaƙi a ƙasar Hausa, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne doki da lifidi da kwari da baka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi, wanda bai saba ganin kwalekwale ba sai a dam ɗin Zoɓe. To amma a ƙasar Kabi al'amarin ya sha bamban, domin da damina gulbi kan cika fadama har doki ya kasa ƙetarawa.

Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Sanwai wajejen 1516, ya san amfanin jirgi ƙwarai. Tun kafin zamaninsa, Sunni Ali ya yi amfani da ɗaruruwan jirage wajen kewaye birnin Jenne har ya ci shi wajejen 1473. Ruwayar baka ta nuna cewa Kanta ya sa an yi masa wani ƙaton jirgi wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe, mutum 50 ke tuƙa shi. Da shi ne yakan tashi daga Surame ya zaga garuruwansa idan ruwa ya yanke hanya.

Dangane da yadda ake yin irin waɗannan jirage kuwa, masassaƙa kan nemi ƙaton gungume mai jure ruwa, kamar na maɗaci, su fafe cikinsa da gatari da gizago. A kogin Kwara, idan ana son jirgi mai tsawo akan haɗa gungume biyu, a ɗinke su da igiya, sa'an nan a toshe kafofin da ruwa zai iya shiga.

Haka kuma, lulluɓin jan ƙarfe ba ado ne kawai ba, yana kare katako daga tsutsar ruwa da gansakuka. Misali, jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, an lulluɓe ƙasansa da jan ƙarfe a 1780, kuma ya kai har yaƙin Tarafalga na 1805.

A taƙaice, wannan ruwaya tana nuna cewa ikon Kanta bai tsaya ga doki kaɗai ba. Ya gane cewa sarkin da bai mallaki gulbi ba, mulkinsa na rani ne kawai.