Idan Alkawarin Aure Ya Watse

Ba ƙaramin ciwo ba ne yarinya ta ga saurayin da iyayensa suka riga suka kawo gaisuwa gidansu ya juya mata baya. 'Yan'uwa sukan ce mata, "Sai haƙuri," su koma gidajensu, su bar ta da tunani har gari ya waye.

Sau da yawa abin da ya raba su shi ne saurayin ya ce sai ta ɗauki ciki tukuna, domin ya tabbata tana haihuwa. Da ta ƙi, sai ya nemi wata. Ke 'yata, in wannan ne ya same ki, kada ki ce tsarkinki ne ya cuce ki. Mutumin da ya sa miki irin wannan sharaɗi tun ba a je majami'a ba, ya nuna miki yadda zai riƙe ki a ɗaki. Gara a rabu yanzu, da ya bar ki da goyo a baya.

Ki tuna da Yusufu cikin Farawa 39. Ya ƙi matar Fotifar, ya bar rigarsa a hannunta ya gudu, sakamakon da ya fara gani kuwa kurkuku ne. Yana da shekara 17 sa'ad da wahalarsa ta soma, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Allah bai manta da shi ba cikin shekarun nan 13.

Ki yi kukanki, ba zunubi ba ne. Amma kada ki amsa wa wani da gaggawa domin ki huce haushi. Kayan da aka kawo, manya su mayar, kada ku yi cacar baki a kan hanya. Kada kuma ki daina zuwa sujada saboda idon mutane. Ki nemi matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙon asiri, ku yi addu'a tare.

Ku iyaye, ku ji tausayi. Gori a kan cewa tsararrakinta duk sun yi aure yakan tura yarinya hannun wanda ba ta so. Ku gaya mata a fili cewa kun ji daɗin tsayawarta, ku kuwa tsaya tare da ita har Ubangiji ya kawo nata.