Jinin Wa Ke Jikin Rigar Nelson?

A unguwar Greenwich da ke bakin kogin Thames a Landan akwai babban gidan tarihin harkokin teku na Birtaniya, wanda Sarki George na Shida ya buɗe a 1937. Cikin kayan da ke ajiye a wurin, waɗanda yawansu ya haura miliyan biyu, babu abin da ke tara 'yan kallo kamar wata kwat mai launin shuɗi duhu da ke cikin gilashi. Ita ce Admiral Horatio Nelson yake sanye da ita ranar 21 ga Oktoba, 1805, a yaƙin Trafalgar, inda jiragen Birtaniya suka tarwatsa haɗakar jiragen Faransa da na Sifaniya. A kafaɗar hagu ga hudar harsashin da ya yi ajalinsa, wanda wani maharbi ya sako daga can saman jirgin Faransa mai suna Redoutable. Hannun dama na rigar yana da ɗan madauki da ake maƙale shi a maɓallin ƙirji, domin tun 1797 aka yanke wa Nelson wannan hannu. Sai kuma tabon jini a ƙasan rigar da hannun hagu. Duk wanda ya gani zai ce jinin gwarzon ne. Amma bayanin da gidan tarihin ya rubuta ya fi karkata ga cewa jinin John Scott ne, sakatarensa, wanda aka kashe a kan jirgin Nelson tun farkon artabun, kafin harsashi ya samu maigidansa. Akwai mutumin da aikinsa ne ya tsaya kan a faɗa wa jama'a haka, ko da labarin zai rage armashi. Shi ne jami'in da ke kula da sashen tarihin sojan ruwa.

Mutane kan ɗauka aikin irin wannan jami'i bai wuce gadin tsofaffin kaya da kakkaɓe ƙura ba. Gaskiya ne adanawa na cin lokaci. Haske yana koɗar da ƙyalle, danshi yana ruɓar da katako, asu yana cin ulu, shi ya sa ɗakunan da ake nuna tufafi sukan zama dishi-dishi har baƙo ya yi ta ƙorafi. Sai dai wannan ɓangare yana da nasa ƙwararru. Abin da ke wuyan jami'in tarihi ya fi haka nauyi: shi zai tantance me kowane kaya zai iya ba da shaida a kai, da inda shaidarsa ta tsaya. Kafin a ce wannan rigar Nelson ce, sai an bi sawun hannayen da ta ratsa, daga Emma Hamilton, masoyiyar Nelson, zuwa gidan wani da ke bin ta bashi, har zuwa 1845 da Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya saye ta kan fam 150 ya ba da ita ga asibitin tsofaffin sojojin ruwa na Greenwich. Bayan duk wannan bincike, abin da baƙo zai gani ɗan allo ne mai jimla uku ko huɗu. A ganina nagartar jami'in tana bayyana ne a wannan ɗan allo, musamman a ranar da abin da takardu suka nuna ya saɓa da abin da jama'a ke son ji.

Jirgin Nelson ɗin kansa, Victory, ya nuna yadda wannan saɓani yake. An saka shi a ruwa a 1765, kuma tun 1922 yake girke a busasshen wuri a tashar Portsmouth. Shekara da shekaru Turawan Ingila sun san shi da ratsin baƙi da rawaya mai kauri, haka yake a katin gaisuwa, haka yake a littattafan makaranta. Da masu bincike suka kankare fentin katakonsa suka duba, sai suka tarar a wasu wurare shafi 72 ne a kan juna, kuma launin da jirgin yake da shi a zamanin Trafalgar ya fi haske, har yana ɗaukar ruwan hoda. A 2015 aka sake masa fenti da wannan launi. Wasu suka yi ca, wai an mayar da jirgin yaƙi abin kwalliya. Masu kula da shi ba su janye ba, kuma daidai suka yi, domin rawayar da mutane suka saba da ita ta zo ne daga baya.

Launin fenti ƙaramar magana ce idan aka kwatanta da matsalar da ke damun duk mai aikin tarihin sojan ruwa, wato cewa kayan manya ne kawai ke tsira. Takobin kyaftin, hotonsa da aka zana da man fenti, wasiƙun da ya aika wa matarsa, waɗannan iyali sukan adana su. Shi kuwa ƙaramin matuƙi da ke jan igiya yana cin busasshen biskit da naman gishiri, idan ya mutu akan yi gwanjon 'yan komatsansa a tsakanin abokan aikinsa, a naɗe gawarsa a jefa teku. Mutum kusan 820 ne a cikin Victory ranar yaƙin, kuma rajistar jirgin ta nuna ba 'yan Ingila ne zalla ba: akwai Amurkawa, akwai mutanen tsibiran Karebiyan, akwai wanda aka rubuta an haife shi a Afirka, akwai ma Faransawa. A gindin hasumiyar Nelson da ke tsakiyar Landan, cikin sassaƙen tagullar da ke nuna mutuwarsa, akwai wani baƙar fata riƙe da bindiga. Jami'in da ya tsaya kan abin da ke da kyan gani a gilashi zai ba da tarihin mutum goma ya bar na ɗari takwas. Dole ya koma ga rajistar albashi da kundin likitan jirgi da takardun kotun soja, takardun da ba wanda zai sayi tikiti don ya gan su.

Mai karatu daga wannan yanki namu yana da dalilin yin tsaki ya ce duk wannan ado ne, gidan tarihin sojan ruwan Birtaniya ba komai ba ne illa maroƙin daular da ta mallake mu, jami'insa kuwa mai kirari ne da ya yi boko. Zargin yana da tushe. Jiragen wannan runduna ne suka yi wa Legas ruwan wuta a Disamban 1851 suka tumɓuke Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye. Admiral Harry Rawson ne ya jagoranci harin 1897 da ya ƙone birnin Benin aka kwashe tagullansa. John Glover, wanda a 1863 ya tara wasu Hausawa a Legas ya kafa ƙaramar rundunar da sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin mafarinsa, hafsan sojan ruwa ne. Kuma an daɗe ana shirya ɗakunan irin waɗannan gidaje don alfahari kawai. Amma a lura da abu guda: yawancin abin da aka sani game da yadda aka kai waɗannan hare-hare, ranaku da sunayen jirage da yawan dakaru, daga rahotannin da hafsoshin suka rubuta da hannunsu ya fito. Shaidar da za a kama rundunar da ita tana cikin ma'ajinta. Idan aka rufe gidan, ko aka bar shi hannun masu kirari, wannan shaida ce za ta fara nutsewa. A 2007, shekara 200 bayan dokar hana cinikin bayi, gidan tarihin Greenwich ya buɗe wani ɗaki kan Tekun Atlantika da bauta da ciniki da daula, kuma da kayan da ke cikin ma'ajin ƙasar aka gina shi.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa jami'i ya tsaya matsayinsa, ya adana kaya ya bar siyasa, tunda ai wannan runduna ce ta yaƙi cinikin bayi. Ita ma maganar ba ƙarya ba ce. Daga 1808 Birtaniya ta girke ayarin jirage a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a cikin kusan shekara hamsin sun kama jiragen bayi wajen 1,600 sun kuɓutar da mutum kusan 150,000, yayin da zazzaɓi ya kashe matuƙansu da yawa. Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, yana cikin waɗanda aka ceto a 1822. Sai dai babu yadda za a shirya ɗaki ba tare da zaɓi ba, kuma wanda ya nuna wannan rabin ya ɓoye ɗayan shi ma siyasa ya yi. Kafin 1807 jiragen Birtaniya sun yi jigilar 'yan Afirka fiye da miliyan uku, kuma sojan ruwanta ne ke gadin tsibiran rake da ake kai su. Bayan dokar ma, ana biyan matuƙa lada kan kowane mutum da suka kuɓutar, kuma da yawa daga waɗanda aka sauke a Saliyo ba su koma gida ba, an ba da su aikin koyon sana'a na dole ko an saka su soja. Jami'in da ya san aikinsa zai sa duka biyun a ɗaki ɗaya, ya bar baƙo ya fita da nauyin a ransa.

Akwai wurin da ƙwarewar jami'in Bature take ƙarewa. A Freetown magatakarda sun riƙa rubuta sunan kowane mutum da aka sauke daga jirgin bayi, da kimanin shekarunsa, da tsawonsa, har da irin tsagar da ke fuskarsa. Cikin waɗannan mutane akwai Hausawa da Barebari da Nufawa. A can ne Sigismund Koelle ya tattara kalmomin harsuna fiye da ɗari daga bakin 'yantattu, har da Hausa, ya wallafa a 1854, kuma babban mai koya masa Barbarci, Ali Eisami, ɗan Borno ne da jirgin Birtaniya ya ceto a 1818. Sunayen da ke cikin rajistar an rubuta su ne yadda kunnen magatakarda ya ji, a karkace, wani lokaci da wuya a gane. Wanda zai kalli irin wannan rubutu ya ji Audu ko Tanko ko Hadiza a ƙarƙashinsa, ko ya karanta bayanin tsaga ya ce wannan ta Gobirawa ce, sai wanda ya tashi cikin harshen da al'adar. Masu bincike kan waɗannan rajistoci sun riga sun nemi taimakon masu jin harsunan Afirka don gano asalin mutanen, kuma aikin bai ƙare ba.