Tara Duwatsu Masu Daraja: A Fara Daga Rafin Gida

Ba sai ɗalibi ya je Mambila neman shuɗin yakutu ba kafin ya fara tara duwatsu. Ƙasar Kiyako da Birnin Kudu ƙasar duwatsu ce, kuma bayan damina akan tsinci farin dutsen ƙanƙara cikin yashin rafuka, wani garau kamar ruwa. A goga shi a jikin kwalba. In bai ja zane ba, watakila fasasshen gilashi aka tsinta. Kowane dutse a sa shi cikin kwalin ashana, a rubuta inda aka samo shi.

Amma mai guduma ya kiyayi Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Zanen shanun da ke jikinsu, wanda masana suka bincika a shekarun 1950, kayan tarihi ne, hukuma ke tsaronsa.