Lauya Kafin Biyan Kuɗin Fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a Najeriya amana a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya hana mai takardar mallaka ta gwamnati sayar da haƙƙinsa sai da amincewar gwamna. Don haka takardar cinikin da dillali ya rubuta, ko da mai unguwa ya sa hannu, ba ta kammala mallaka. Wasu na ganin kuɗin lauya asara ce tunda akwai shaidu. To, shaidu ciniki kawai suka gani. Lauya ne zai je ma'aikatar ƙasa ya binciko ko filin na jingine a banki, ko kuwa tuni an yi wa wani rajistarsa.