Tich Freeman: Gajeren ɗan kurket da har yau ba a karya tarihinsa ba

A wasan kurket, aikin mai jefa ƙwallo shi ne fitar da mai bugu daga fili, kuma da yawan waɗanda ya fitar ake auna gwanintarsa. A wannan ma'auni, Alfred Freeman na ƙungiyar gundumar Kent da ke Ingila ya yi abin da ba a sake yi ba: a kakar 1928 kaɗai ya fitar da masu bugu 304.

An haife shi a Lewisham a 1888. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 2 ne kacal, shi ya sa ake yi masa laƙabi da "Tich", wato ɗan tsurut. Bai dogara da ƙarfin jifa ba. Murza ƙwallon yake yi da wuyan hannu, ta yadda idan ta dira ƙasa sai ta karkace ta yaudari mai bugu.

Daga 1914 zuwa 1936 ya fitar da masu bugu 3,776 a manyan wasanni, kuma Wilfred Rhodes ne kaɗai ya fi shi. Sau uku yana fitar da 'yan wasa 10 na abokan karawa shi kaɗai a zagaye guda.

Duk da haka, wasa 12 kawai ya buga wa Ingila, domin dabarunsa ba su yi tasiri sosai a kan gwanayen Ostareliya ba. Kent ta sallame shi bayan kakar 1936, ya kuma rasu a 1965.